Yaron Unguwar Talakawa a Rubutun Hausa

Duk malamin da ya taɓa koyar da insha'i a kwalejin horon malamai ya san wannan: in ka ce wa ɗalibai su rubuta labarin ƙuruciyarsu, sai su kawo maka sunan uba da na kaka, da shekarar shiga makarantar allo, da ta shiga elementare, shi ke nan. Ba mai gaya maka yadda kwatar ƙofar gidansu ta ke da damina, ko wa ke bin uwarsa bashin gero. A ganina laifin ba nasu ba ne. Ba su taɓa karanta irin wannan labari da Hausa ba, balle su san ana yinsa.

Bari mu duba ɗan abin da mu ke da shi. Na farko labarin Dorugu, wanda aka kama yana yaro a ƙasar Damagaram, aka kai shi Kukawa, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855. Can ya faɗa wa Schön tarihinsa, ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Na biyu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, 1934, ƙagaggen labari ne, amma da bakin mai shi aka ba da shi, tun daga Kagara har Masar. Na uku Baba ta Karo, wadda ta yi hira da Mary Smith a Giwa tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito da Turanci a 1954. A cikin ukun Baba ce kaɗai ta zauna da ƙuruciya ta ba ta haƙƙinta, da wasannin 'yan mata da ƙawance da zaman rinji. Dorugu da Umar kuwa, ba a daɗe da fara labari ba sai a sace yaron, daga nan tafiya ta cinye littafin. Mai karatu ya lura kuma, biyu daga cikin ukun sai da Bature ya tambaya kāna aka faɗa, kuma dukkansu 'yan karkara ne.

Sai a gwada su da Down Second Avenue na Ezekiel Mphahlele, 1959. Ya girma a Marabastad, unguwar baƙaƙen fata 'yan ƙwadago a Pretoria, inda kakarsa da innarsa ke wankin tufafin Turawa, shi kuma yana kai da kawowa a kan keke. Ba a sace shi ba, bai ƙetare hamada ba. Ƙarfin littafin yana wajen famfon unguwa inda mata ke jiran ruwa suna taɗi, da tsoron 'yan sanda in dare ya yi. Watau marubucin ya yarda cewa titi guda ya isa littafi. Wannan yardar ce ba mu yi ba tukuna.

Kada a ce ba mu da irin waɗannan unguwanni. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Fagge da Tudun Wada da Gwagwarwa suka cika da 'yan dako da lebura da masu sayar da ruwa. Da yawansu 'yan cin rani ne daga Lardin Sakkwato, har da mutanen Isa da Sabon Birni, waɗanda hanyar jirgi ta matso musu da ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Waɗansu sun koma gida da shuka, waɗansu sun zauna sun hayayyafa. A Kano ma akwai unguwa mai yawan jama'a da a ke kira Gobirawa. Ina labarin yaran da suka tashi a irin waɗannan wurare?

Dalili ɗaya sananne ne, shi ne kunya. Mutumin da ba ya iya ambaton sunan ubansa da ƙyar zai rubuta ranar da uban ya dawo kasuwa hannu wofi. Ga shi kuma abin da Bahaushe ke roƙon Allah ya ba shi na zaman duniya sunansa rufin asiri. To, labarin ƙuruciya cikin talauci ai tonon asirin nan ne, ba na marubuci kaɗai ba, har na iyayensa.

Amma dalili na biyu ya fi damuna, gama mu malamai ne muka haddasa shi. Hausar da aka daidaita domin rubutu, tun daga ofishin talifi na Zariya zamanin East har zuwa Hukumar Hausa ta 1955, a kan Kananci aka gina ta. Wannan ya yi amfani ƙwarai, ba na musu. Sai dai yaron da uwarsa Bagobira ce bai taɓa jin ta ce "suka tafi" ba, "sunka tahi" ta ke cewa. Ba ta ce "rigar sarki" sai "rigas sarki", ba "fara" sai "hwara", ba "'ya'ya" sai "ɗiya", inda Bakano zai sa "ne" da "ce" kuma ita "na" da "ta" ta ke sawa. In ya dawo da magariba, abin da ya ji daga bakin ƙofa shi ne "Ina kat tahi?" Ranar da ya rubuta wannan a takarda muka ja masa jan layi, mun koya masa cewa muryar uwarsa kuskure ce. Ba abin da mutum ke riƙewa daga ƙuruciya kamar muryoyi, in aka hana shi su sai ya koma ga jerin sunaye da shekaru. Abin mamaki, a aji guda mu kan yabi Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, saboda wannan harshe da mu ke gogewa a littafin ɗalibi. Amma shi sarauta da dawaki ya waƙe, ba 'ya'yan masu dako ba.

Maganar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Gobirawa sun saba da tashi, tun faɗuwar Alkalawa a 1808 da kafa Tsibiri da Sabon Birni daga baya. Amma tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa, waɗansu suka ƙetara jihar Maradi, waɗansu suka shiga birnin Sakkwato suka raɓe a kangaye da gefen unguwanni. 'Ya'yansu can su ke girma, Gobiranci a ɗaka, wata Hausa a waje. Kafin shekara goma waɗansu daga cikinsu za su zauna a gaban malaman da mu ke horarwa yau.

Shawarar da na ke ba waɗannan malamai ƙarama ce. A riƙe ƙa'idar rubutu a jikin labari yadda aka saba, amma duk inda ɗalibi ya buɗe baka biyu ya sa maganar wani, a ɗage jan alƙalami, a dubi abu ɗaya kawai: ko haka mutumin zai faɗa. In ya rubuta "hwara" a bakin kakarsa, gyaran da ya kamata shi ne a tambaye shi me kuma ta ce bayan nan.