Jinjina ga Masu Liƙin Roba

Rana ce babbar abokiyar gabar tsohuwar mota a Yekuwa. Bazara biyu ko uku, robar gaban direba ta bushe, ta tsage kamar fadama da rani. Fijo 504 ɗin da ke jigila tsakanin Magariya da Dungas, wadda aka fara harhaɗa irinta a Kaduna a 1975, ina za ka samo mata sabuwa?

Sai mai liƙi. Kayan aikinsa ba yawa: murhun gawayi, ƙarfe mai faɗin baki, waya, da guntayen fasasshiyar jarka. Yakan fara huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Sannan ya ɗinke ta da waya ta ciki, ya narka roba ya bi ɗinkin, ya goge. Hayaƙin na shaƙe maƙogwaro, shi ko a jikinsa. Kuma ba kowace roba ke kama wata ba. Da yatsa da wari yake ganewa.

Na ce wa wani dattijo mai liƙi, "Baba, zai riƙe kuwa?"

"Yaro, je ka hau gargada ka dawo."

Ya riƙe. Direbobi, in kun je gyara ku daina yi wa masu liƙi tayin wulaƙanci.