Venom: Kaska a Rigar Jarumi

Duk wanda ke leƙa shagunan masu tura finafinai a waya, daga Gwadangaji zuwa cikin Birnin Kebbi har Argungu, ya san farin jinin da finafinan dodannin Amurka ke da shi a wurin samari. Ɗaya daga cikinsu shi ne "Venom", wanda kamfanin Sony ya saki a watan Oktoba na 2018. Ruben Fleischer ne darakta, Tom Hardy kuma jarumi. Masu sharhi a ƙasashen Turawa sun yi masa kaca-kaca, amma 'yan kallo suka yi kunnen uwar shegu da su, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 850. Ganin haka aka yi na biyu a 2021, na uku a 2024.

Masu karatun littattafai za su so jin cewa daga takarda labarin ya fito. A 1988 marubuci David Michelinie da mai zane Todd McFarlane suka bayyana Venom a littattafan labarai masu zane na kamfanin Marvel, a matsayin abokin gabar Spider-Man. Wato mugu ne tun asali. Da aka zo fim ɗin 2018 babu Spider-Man a ciki, sai ya zama dole a wanke mugu a ɗora shi a kujerar jarumi. A nan gizo ke saƙar.

Ga labarin a taƙaice. Eddie Brock ɗan jarida ne a birnin San Francisco. Ya leƙa sirrin aikin budurwarsa Anne, wadda lauya ce, don ya tona asirin wani attajiri, Carlton Drake. Sai ya rasa aiki, ita ma aka kore ta, soyayya ta watse. Shi kuwa Drake ya sa an kwaso wasu halittu daga sararin samaniya, masu kama da narkakkiyar kwalta, waɗanda ba sa rayuwa a duniyarmu sai a jikin wani mai rai. Yana gwada su a kan marasa galihu masu kwana a titi. Ɗaya daga cikin halittun ta shige jikin Eddie, ta ba shi ƙarfin da harsashi ba ya yi wa komai, tare da yunwar cin kawunan mutane.

To, mai karatu, wannan ai ba baƙon labari ba ne ga Bahaushe. Mutum yana jin murya a kansa, yana magana shi kaɗai, muryarsa ta sauya, ƙarfinsa ya fi na ƙarti goma: mu cewa za mu yi iskoki sun hau shi. A bori, wanda iska ke hawa sunansa doki ko goɗiya. Hanya biyu aka sani da mai iskoki: ko a yi masa ruƙiyya a rabu, ko a yi girka a zauna tare. Fim ɗin nan girka ya zaɓa. Bambancin kawai, namu da garaya da goge ake kiransu, shi kuwa Venom ƙara mai ƙarfi da wuta ne ke korarsa.

A yaba wa Tom Hardy. Shi ya yi Eddie, shi ya yi muryar dodon, kuma cacar bakin da suke yi kamar ta miji da mata ita ce gishirin shirin. Fitowar da ya faɗa cikin tankin ruwa a gidan cin abinci, yana gumi yana gatsar ƙaguwar teku da ranta, ta isa ta sa mutum dariya har da hawaye. Amma Michelle Williams, duk da ƙwarewarta, an bar ta ba aikin kirki, shi ma Riz Ahmed an ba shi bos maras ɗanɗano. Faɗan ƙarshe kuwa, dodanni biyu masu duhun launi cikin dare, wallahi sai ka rasa wa ke dukan wa.

Babban aibin ba nan yake ba. A tsakiyar fim likita ya gano cewa halittar tana cinye kayan cikin Eddie, tana kashe shi a hankali. Kaska ce, raɓi mai jini. Kauci ne a kan bishiya. Maimakon marubutan su bi wannan zare, sai suka sake shi. Cikin 'yan kalmomi dodon da ya zo cinye duniya ya ce ya fasa, wai Eddie ya burge shi. Suka ƙulla yarjejeniya: ba za a ci kowa ba sai mutanen banza. A ƙarshe ya haɗiye wani ɗan ta'adda mai karɓar kuɗi a kantin wata mata, aka shirya fitowar yadda ɗan kallo zai tafa.

Abin tambaya shi ne, wa ke tantance mutumin banza? Ba alƙali, ba shaida, sai mai yunwa da haƙora. Mu a wannan yanki ba mu da damar ɗaukar wannan da wasa. Rahotanni sun nuna cewa Lakurawa da farko gayyato su aka yi a yankunan Gudu da Tangaza na Jihar Sakkwato don su kare jama'a daga ɓarayin daji. Daga baya suka juya kan masu masauki da haraji da dokoki. A Nuwamban 2024 suka kashe aƙalla mutum 15 a garin Mera da ke Ƙaramar Hukumar Augie, cikin masarautar Argungu. Ba a ba kura ajiyar nama, ko da ta rantse.

Ban ce kada a kalla ba. A kalla, a yi dariya, amma ba na ƙananan yara ba ne. Kira na ga marubutanmu da masu shirya fim na Kano: kuna da wannan labari a gida, da sunayensa da kiɗansa. Ku ɗauko shi ba tare da dabarun kwamfuta na miliyoyi ba, ku amsa tambayar da Hollywood ta guje wa: in iska ta yi ɓarna, doki yana da laifi ko ba shi da shi?