Matuƙi a Cikin Ƙarfe: Tarken Hawan Ƙaton Mutum-mutumi a Ƙagaggun Labaran Kimiyya

Wannan takarda za ta duba wani ɗan ɓangare na ƙagaggun labaran kimiyya wanda masu nazari kan tsallake, wato yadda tauraron labari yake shiga cikin ƙaton mutum-mutumi na ƙarfe, da hanyar da yake bi wajen sarrafa shi. Galibin misalan daga ƙasar Japan suke, domin a can ne wannan nau'i ya yi rassa, cikin littattafan zane da ake kira manga da kuma finafinan katun na telebijin. Abin da ake son ɗalibi ya lura da shi shi ne, inda mawallafi ya zaunar da matuƙi, nan ya ajiye jigonsa. Tazarar da ke tsakanin jikin matuƙi da ɓarnar da na'ura take yi ita ce ma'aunin alhakin da labarin ya ɗora masa.

A shekarar 1956 Mitsuteru Yokoyama ya fara buga Tetsujin 28-go. A wannan labari ba a hawa kome. Wani yaro mai suna Shotaro Kaneda yana tsaye a ƙasa, riƙe da ɗan akwati, da shi yake ba mutum-mutumin umarni daga nesa. An ƙera na'urar ne don Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba ta da ra'ayin kanta: duk wanda akwatin ya faɗa hannunsa, shi take bi, nagari ne ko mugu. Saboda haka yawancin rikicin labarin a kan akwati yake. Raunin wannan tsari a fili yake, domin in an naushi ƙarfen, yaron ba ya jin kome.

Go Nagai ne ya rage wannan tazara da Mazinger Z a 1972. An ruwaito cewa tunanin ya zo masa ne da ya ga cunkoson motoci, ya ƙiyasta yadda direbobin baya suke fatan motarsu ta fitar da ƙafafu ta tsallake na gaba. Tauraronsa, Koji Kabuto, yakan shiga wani ɗan jirgi, ya tashi sama, ya sauka a cikin ƙoƙon kan mutum-mutumin. Ma'anar ba ta buƙatar dogon bayani: gangar jiki ta ƙarfe ce, ƙwaƙwalwa kuwa yaro ce. Shi kansa sunan ya haɗa kalmomin Japananci biyu, ɗaya shaiɗan, ɗaya abin bauta, kuma zaɓi tsakaninsu yana hannun wanda ya zauna a cikin kan.

A nan ya kamata a yi ɗan tsokaci kan maimaici. A irin waɗannan finafinai ana nuna hawan ne a kowane mako da hotuna iri ɗaya, ba canji. Haka yake a Grendizer na 1975, wanda aka nuna a Faransa a 1978 da sunan Goldorak. Dalili na farko tsimin kuɗi ne, tunda zanen da aka yi sau ɗaya ba sai an sake biyan mai zane ba. Amma mai nazarin adabin baka ya san aikin amshi a waƙa, ya kuma san cewa mai sauraro yakan jira shi. Hawan ya zama amshin fim ɗin, wato lokacin da yaro yake tuɓe yarinta a gaban mai kallo.

Da Mobile Suit Gundam na Yoshiyuki Tomino ya fito a 1979, an sauko da matuƙi daga kai zuwa tsakiyar gangar jiki, mutum-mutumin kuma ya zama kayan soja mai tsawon mita 18, irin wanda ake ƙerawa a masana'anta. Amuro Ray, ɗan shekara 15, ya shiga ne cikin ruɗanin harin da aka kawo wa matsuguninsu na sararin samaniya, yana buɗe littafin bayanin na'urar yana neman abin da zai danna. Kashi na farko na wannan fim ya cancanci a tsaya a kansa. Amuro ya sare na'urar abokin gaba ta farko, injinta ya fashe, ya huda bangon matsugunin da jama'arsa suke ciki. Don kada haka ta sake faruwa, sai ya soke ta biyu daidai inda matuƙinta yake zaune. Wato dabarar da ta ceci gari ita ce ta auna mutum kai tsaye. Tomino bai yi wa'azi a kan yaƙi a wannan wuri ba, mazaunin matuƙi ne ya faɗi maganar: a cikin wancan ƙarfe ma akwai ɗan wani.

Inda wannan tunani ya kai matuƙa shi ne Neon Genesis Evangelion na Hideaki Anno, 1995. Matuƙan yara ne ƴan shekara 14. Yaro yakan shiga wani dogon bututu, a cusa bututun cikin ƙashin bayan abin ta wajen ƙeya, sannan a cika shi da wani ruwa mai ƙarnin jini wanda dole ya shaƙa har cikin huhu. Akwai abin riƙewa a hannu, amma ainihin sarrafawar ta hanyar jijiyoyi take, har ana auna dacewar yaro da na'urar da lissafin kashi cikin ɗari. Sakamakon haka, in an karya hannun Eva, yaron ne yake ihu. Daga baya mai kallo yakan gane cewa abin halitta ne mai tsoka aka lulluɓe da sulke, kuma ran mahaifiyar Shinji Ikari yana cikin wanda yake hawa. Bututu da ruwan sun zama mahaifa ke nan.

Kashi na 18 shi ne gwajin wannan tsari. An umarci Shinji ya hallaka wata Eva da abokan gaba suka mamaye, ya ƙi, domin ya san akwai yaro kamarsa a ciki. Sai mahaifinsa, wanda shi ne kwamanda, ya sa aka yanke ikonsa, aka kunna wani tsari mai tuƙa kansa. Shinji yana zaune a ciki, hannunsa a kan abin riƙewa, yana kallon na'urarsa tana yayyaga ɗayar. Akwatin Shotaro ya dawo, sai dai yanzu yana hannun babba, yaron kuma yana cikin ƙarfen ba shi da ta cewa. Tambayar wane ne ya aikata, labarin bai sauƙaƙa ta ba, kuma a nan ƙarfinsa yake.

Pacific Rim na Guillermo del Toro, fim ɗin Amurka na 2013, ya raba nauyin tsakanin matuƙa biyu waɗanda ake haɗa ƙwaƙwalwarsu har kowa ya ga abin da ɗan'uwansa yake tunawa. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi aiki a farkon fim, inda aka fizge Yancy daga mazauninsa alhali ƙanensa Raleigh yana haɗe da shi. Amma bayan tuntuɓe guda da Mako Mori ta yi, haɗin ya zama abu mai sauƙi, fim ɗin ya koma dambe.

Ga ɗalibin harshe, wahalar tana fitowa ne wajen fassara. Kalmar "matuƙi" ta dace da Amuro, domin abin da yake yi bai yi nisa da aikin direba ba. Shotaro ba ya tuƙi, sarrafawa yake yi. Koji ana iya ce masa mahayi. Shinji ne matsala. Hausa tana da fi'ilin "hau" mai fuska biyu: mutum yakan hau doki, amma a harshen ƴan bori iska ce take hawan mutum, har a kira shi dokinta. A kashi na 19 Eva ta ƙwace, dacewar ta kai kashi 400 cikin 100, jikin yaron ya narke cikin ruwan bututun, sai bayan kimanin wata guda ya dawo. Mai fassarar da ya rubuta "Shinji ya hau Eva" a kashi na farko, dole ya yanke shawara ko a nan zai juya jimlar ya ce Eva ce ta hau shi.