Tangaran Mai Rawaya na Fadar Sin da Jeren Amarya: Tsokaci a Kan Ma'aunin Daraja

Akwai ra'ayin da ake ji a bakin wasu manazarta al'adu, wai tangaran da kwalla ba su cancanci shiga nazarin fasahar Hausa ba, tun da baƙi ne, ba maginan tukwane na gida suka gina su ba. Wannan ra'ayi yana da rauni, kuma tangaran mai launin rawaya na sarakunan Sin ya isa hujja.

A garin Jingdezhen aka riƙa gina shi. Sai an gasa farar ƙasar da wuta mai tsanani, sannan a shafe ta da ruwan dalma mai ɗan sinadarin ƙarfe, a mayar da ita wuta mai sauƙi, launin ya fito bai ɗaya, babu zane. Masana sun fi yaba na zamanin Sarki Hongzhi (1488–1505) na daular Ming. To, amma ba gwanintar gashi kaɗai ta ɗaukaka shi ba. A zamanin Sarki Qianlong (1736–1795), ƙa'idar fada ta keɓe kwano mai rawaya ciki da waje ga sarki da mahaifiyarsa da uwargidansa. Wadda ke bin uwargida a matsayi kuwa, nata rawaya ne a waje, fari a ciki. Ashe hani ne ya ba launin daraja.

Bahaushe ya san irin wannan hani, sai dai a alkyabba da tambari da kakaki ya ajiye shi. Kwano kuwa ya bar wa mata. A gari irin Illela, da ke kan iyaka daura da Birnin Ƙonni, inda kayan ƙetare suka saba ratsawa, uwar amarya ba ta tambayar wane sarki aka yi wa launin. Abin da take dubawa shi ne yawa, da dacewar girma, da yadda kayan za su zauna a jere. Jere ya tashi daga ƙwarya zuwa tasa, daga kwalla zuwa tangaran, amma saƙonsa bai sauya ba: yarinya tana da gata, dangi sun yi ƙoƙari.

Saboda haka darajar kwano tana ga tsarin da al'umma ta ɗora masa, ko a ina aka gasa shi. Manazarcin da ya kori tangaran don baƙuncinsa ya yar da babi guda na fasahar matan Hausawa.