Jinjina ga 'Yan Kasuwa Masu Tallafa wa Makarantun Gwamnati

Duk ɗalibin da ya taɓa raɓewa a ɗakin aboki a Samaru ya san darajar gado guda. Shi ya sa ɗakunan kwanan ɗalibai masu gadaje 2,160 da Gidauniyar Aliko Dangote ta miƙa wa Jami'ar Ahmadu Bello a 2019 suka cancanci yabo. A 2021 kuma Abdussamad Rabi'u ya ba jami'ar naira biliyan ɗaya.

Sai dai wanda ya fi burge ni shi ne ɗan tireda ko mai shagon atamfa da ke cikin kwamitin firamaren unguwarsu. Daga 'yar ribarsa yake sayen alli, ya biya kafinta ya gyara benci, ya kuma sa a mayar da kwanon ajin da iskar damina ta yaye, alhali wataƙila ko ɗansa babu a makarantar.