Ƙofar Fita a Saƙon Talla na Imel

Tallar imel da kutse ta fara. A 1978 Gary Thuerk, ma'aikacin kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka, ya aika wa mutum kusan 400 tallar na'ura ta hanyar sadarwar kwamfuta ta ARPANET ba tare da sun nema ba, aka kuwa yi masa ca. Sai a 1999 Seth Godin ya fitar da littafinsa, Permission Marketing, inda ya nuna cewa tallar da ta fi ci ita ce wadda mai saye ya yarda a aiko masa. Wannan ra'ayi ya samu gindin zama a doka: dokar GDPR ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018, Najeriya ma ta yi tata dokar kare bayanan jama'a a 2023. Sai dai masu tsara irin wannan saƙo sukan ɗauki izini tamkar abin da aka bayar har abada. Su ƙawata hoto, su goge kanun saƙo, sannan su tura mahaɗin daina karɓa can ƙasa, da ƙananan haruffa masu ruwan toka waɗanda sai an zura ido ake gani. Ni kuwa a ganina wannan ƙofar fita ita ce ginshiƙin tsarin, ita ya kamata a fara gyarawa kafin launi da ado.

Mai talla zai ce sauƙaƙa fita asara ce, tunda kowane adireshi sai da aka kashe kuɗi aka same shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta manta cewa wanda ya gaji da saƙo ba zama yake yi ba: idan bai ga ƙofa ba, sai ya danna maɓallin da ke kai ƙara cewa saƙon shara ne. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharaɗi ga masu aika saƙo da yawa. A Gmail, duk mai aika saƙo 5,000 a rana dole ya samar da fita da dannawa ɗaya, kuma ƙorafi kada ya kai kashi 0.3 cikin 100. Wato mutum 3 cikin 1,000 sun isa su ja wa sauran saƙonninsa faɗawa kwandon shara, har waɗanda ake ɗokin karantawa. Akwai kuma tarkon da masu son ado ke faɗawa: Gmail na datse saƙon da rubutunsa na HTML ya wuce kilobayit 102, kuma abin da ke ɓacewa shi ne ƙasan saƙon, daidai inda aka cusa ƙofar.

Wani zai kafa hujja da alƙaluman masu buɗe saƙo, ya ce ai jama'a na karantawa. Wannan ma'auni ya yi rauni tun 2021, lokacin da Apple ya fara ɗauko hotunan saƙo da kansa a manhajarsa ta Mail, har ya zamana saƙon da ba a ko kalla ba ana ƙirga shi cikin waɗanda aka buɗe. Dogon jerin adireshi na iya zama taron tsintsiya babu shara. Abin da ya rage a dogara da shi shi ne waɗanda suka danna, suka saya, ko suka amsa, kuma lissafinsu ya fi fitowa fili idan an bar marasa sha'awa sun kama gabansu tun da wuri.