Ina Ƴan Kallo? Sharhi a kan zanen tsofaffin gidajen silima na Kano

A fitowar da ta gabata ta wannan ɗan littafi namu an ba da shafi 6 ga zanen da ɗan'uwanmu mai karatu a Kano ya aiko: tsofaffin gidajen silima na birnin, Rex da Palace da Eldorado da Plaza da Orion da Marhaba, kowanne da shafinsa, da alƙalami da baƙar tawada. Kowa ya yaba, kuma ya cancanci yabon. Ni dai magana ɗaya ta tsaya mini, ita zan baje a nan: a cikin zanen nan 6 babu mutum ko ɗaya. Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da ni, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Mai zanen ya san inda aikinsa zai faɗa. Injin fotokopi baƙi ya sani da fari, abin da ke tsakaninsu bai dame shi ba. Hoton kyamara in ya bi ta cikinsa sau biyu sau uku sai ya koma dabbaren baƙi, ka kasa gane ƙofa da taga. Layin tawada kuwa yana tsira. Littafin da ya iso hannunmu a Dabaga kwafin kwafi ne, amma tsagar da ke bangon Orion tana nan, ana ganin inda ta fara da inda ta ƙare. Inuwa ma da ƙananan layuka masu gitta juna ya yi ta, ya bar farin takarda ya zama rana. Haruffan sunayen da ke saman ƙofofin ya zauna musu da natsuwa irin ta wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara yana rubuta allo. A ɗan bayanin da ya haɗo da shi ya ce wasu daga tsofaffin hotuna ya ɗauko su, wasu daga kwatancen dattawa, domin gine-ginen sun sauya kama. Wannan wahala ce, kuma ya sha ta saboda mu.

To amma ku sake buɗe shafukan. Ƙofa a rufe. Tagar sayar da tikiti ba kowa. Allon da ake manna hoton fim ɗin dare fayau. Titi a share kamar safiyar Salla kafin a fito. Duka 6 daga waje aka zana su, daga tsallaken hanya, da rana tsaka, lokacin da gidan silima yake barci. Wanda bai san labari ba zai iya ɗauka ofisoshin gwamnati ne ko ɗakunan ajiyar gyaɗa.

Ni ɗalibin harshe ne, saboda haka daga kalma nake fara bincike. Turawa suka kawo abin da sunansa, bakin Bahaushe ya mai da sinima silima, kamar yadda ya mai da kalmar Ingilishi ta ƙidaya ta zama lamba: harafin n ya koma l. Kafin nan akwai majigi, motar gwamnatin mulkin mallaka mai yawo gari gari tana haska fim ɗin wayar da kai kyauta a fili, sunan kuma daga wata fitilar Turawa ta haska hoto a bango aka aro shi. Akwai kuma sunan da mutane suka raɗa da kansu, dodon bango, wanda tsoro da mamaki ke cikinsa gaba ɗaya. Amma kalmar da ta fi zama a bakinmu ita ce kallo: za mu kallo, gidan kallo, ƴan kallo. Ka lura, Hausa ba ta damu da ginin ba, aikin da mutane ke yi a cikinsa ta kama ta sa wa wurin suna. Zanen da ya fitar da ƴan kallo ya fitar da abin da harshen ya ga ya isa a ambata.

Sunayen da ya zana da kyau ɗin nan su ma suna da magana a bakinsu. Rex da Latin sarki ke nan. Palace fada. A garin da ke da sarkinsa da fadarsa, ƴan kasuwa ƴan Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori, suka gina wani sarki a bayan ganuwa a ƙarshen shekarun 1930, daga baya aka shigo da wata fada har cikin birni. Eldorado ƙasar zinariya ce ta tatsuniyar Sifaniyawa. Orion kuwa taurarin nan ne da mu a Abzin muke kira Amanar, jagoran ayari. Mafi yawan gidajen nan ba su da rufi, katanga ce da kujeru da farin bango, sai sama a buɗe. Wato a daren sanyi mai kallo a Orion yana iya ɗaga kai ya ga mai sunan a samansa. Wallahi wannan kaɗai ya isa zane guda. Amma wanda ya tsaya a tsallaken titi da rana ba zai gan shi ba.

Rashin rufin nan ba ƙaramin abu ba ne a tarihin Palace. A 1952 aka buɗe shi a Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Malamai da mutanen unguwa ba su yarda ba, don a ganinsu abin da ake yi a Sabon Gari ne aka kawo musu ƙofar gida. Brian Larkin, wanda ya bi takardun zamanin a littafinsa na 2008 a kan kafofin watsa labarai a Kano, ya nuna cewa sai da aka kira ƴan doka, kuma samari sun daɗe suna jifan masu kallo ta saman katanga. Bayan shekara 31, a 1983, Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe gidan ya mai da shi asibiti. Katangar Palace ke nan: mutane a ciki suna kallo, mutane a waje suna jifa, kowane ɓangare yana ganin shi ke da gaskiya. A zanen ɗan'uwanmu katangar ta fito sumul, ba ta raba kowa da kowa.

Akwai kuma gidan da bai shiga cikin 6 ɗin ba. Ranar 13 ga Mayu 1951 wuta ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Fim na wancan zamani da wani sinadari ake yin sa mai kama wuta kamar fetur. Mutanen gari da yawa sun ɗauki gobarar a matsayin hukuncin Allah a kan masu zuwa irin wuraren, kuma da wannan raɗaɗin a zuciya aka tarbi Palace shekara ɗaya bayan haka. Na san za a ce ai ginin ya ƙone, me za a zana? Nan ne fa alƙalami ya fi kyamara. Kyamara sai abin da ke tsaye gabanta. Alƙalami yana iya tayar da abin da ya rushe, tun da mai zanen da kansa ya ce wasu gidajen daga bakin dattawa ya gina su. In ya iya tayar da bango daga kwatance, me ya hana shi tayar da layin masu jiran tikiti?

Abin da nake tsoro shi ne irin tunawar da zanen ke koya mana. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mu da muka tashi da kallo a waya muna da saurin cewa da can an ji daɗi, an haɗu wuri ɗaya ana kallon fim ɗin Indiya, Mother India na 1957 ana ta maimaita shi shekara da shekaru. Gaskiya ne an haɗu. Amma su wa suka haɗu? Maza ne. Macen da ta taka gidan silima a Kano ta san sunan da za a kira ta da shi. Iyayenmu mata da ke cikin gidajen kusa da katangar waƙar kawai ke tsallako musu da dare. Ba su samu kallo sosai ba sai da bidiyo ya shigo ɗaki, musamman bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, wanda daga shi ake fara lissafin finafinan Hausa na bidiyo. Abin da ya rage wa gidajen silima kasuwa, shi ya ba mata kallo. Sannan a ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin jihar ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa hukumar tace finafinai. Zanen da babu kowa a cikinsa ba ya tambayar wa ya shiga, wa aka bari a waje. Yana ba mu kewa mai sauƙi, wadda ba ta ɓata wa kowa rai.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, a nan Nijar muna da shi. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, da zane ya shiga fim. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro ilimin zane mai motsi wurin Norman McLaren, a 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, ɗan gajeren fim na baƙin layi a kan fari, inda kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki ana ta yi masa fareti. Layinsa bai kai na ɗan'uwanmu tsabta ba, amma kowane kwaɗo ka san shi, ka taɓa ganinsa a bakin hanya yana tafi. A shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Fim ne a kan abin da silima ke yi wa kan mai kallo. Haka Umaru Ganda, a fim ɗin Rouch na 1958, Moi, un noir, yana lebura a Abijan amma sunan da yake amsawa Edward G. Robinson, na ɗan wasan Amurka. Waɗannan mutanen da suka tashi neman silima, wurin ƴan kallo suka je.

Mu ƴan Dabaga ma shaidu ne. Ba mu taɓa samun gini mai suna a saman ƙofa ba. Rumfa ce da tabarma da talabijin da injin janareto, yara a gaba, manya a baya, wani yana fassara wa na kusa da shi da Tamajak, wani da Hausa, alhali shi ma ba jin Indiyanci yake ba. Mai gonar albasa da ya yini yana ban ruwa a bakin Telwa ya zo ya zauna, kafin a kai rabi ya yi barci. In ka zana rumfar nan ba kowa a ciki, rumfar awaki ka zana.

Akwai uzuri ɗaya da na ɗauka da nauyi. Wataƙila mai zanen yana cikin masu ƙyamar zana abu mai rai saboda addini, kamar yadda masu zayyana ba sa sa mutum ko dabba a aikinsu. In haka ne, ban ce ya taka abin da ya yi imani da shi ba. Amma mutum yana barin sawu, kuma sawu ba shi da rai. Kekuna jingine a bango. Faifan mai gyaɗa da teburin mai shayi da fitilar aci-balbal. Hasken injin yana ratsa hayaƙin taba zuwa farin bango. Takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Dutse a kan benci a Palace. Ko a zana katangar daga cikin tsakar gidan maƙwabta, turmi a gefe, haske yana leƙowa ta sama. Duk wannan babu fuska ko ɗaya, amma cike yake da mutane.

Waɗanda suka sassaƙa raƙuman dawa na Dabus, arewa da Agadas, shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5, sun zauna sun fitar da kowane tabo na jikin dabbar. Duk da haka ba su tashi ba sai da suka ja layi daga bakinta zuwa ƙasa, suka sa ɗan ƙaramin mutum a ƙarshensa. Har yau masana na gardama a kan ma'anar layin nan, kuma gardamar ce ke sa a sake komawa a duba.

Roƙona ga ɗan'uwanmu guda biyu ne. Na farko, ya koma wurin dattawan da suka kwatanta masa bango, ya tambaye su nawa ne tikiti, ina talaka ke zama, me ake ihu in jarumi ya shigo, wa ke duka in an dawo gida. Su ne ke ƙarewa, sun fi ginin saurin tafiya. Na biyu, ya ƙara shafi na 7, na El Duniya, ko da da dare ne kafin wutar, kekuna a jere a waje. Mu kuma da ke Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas, kowa ya nemi tsohon gidan kallon garinsu ya ɗauki bik da kaye ya je ya zauna da waɗanda suka shiga cikinsa. Masu haɗa littafin sun ce akwai fili a fitowa ta gaba.